Ki Ce Masa Ya Turo

Assalamu alaikum, masu bin wannan labari. Wata a cikinku ta rubuto min cewa in daina kewaye-kewaye, in faɗi abin da ya faru. Ta yi gaskiya. Ga shi a taƙaice: mahaifina ya ba ni saƙo in kai wa mutumin da nake so, na riƙe saƙon ban kai ba. Dalilin riƙewar kuma a ɗakin koyon rawa na samo shi.

Ga wadda yau ta fara karantawa, sunana Saffana, daga Ɗorayi a Kano. Na yi aikin jarida har jaridar ta daina fitowa, sai yayana Abdulƙadir ya ɗauko ni zuwa Guangzhou ta ƙasar China in riƙe masa ofis. Ofishin yana kan titin Huanshi, ɗaki biyu da ɗan sito. 'Yan Kwari da Sabon Gari su turo hoton abin da suke so, ni in shiga kasuwar Sanyuanli in nemo samfur, Yaya ya yi ciniki ya loda. Ina zaune da shi da matarsa, Anti Ramatou 'yar Damagaram, a wani gida bayan ofishin. Ɗakina gado ne da durowar roba da taga mai kallon bangon maƙwabta. A wannan lokaci na shekara bango gumi yake yi saboda laima, kayan da aka shanya ba sa bushewa.

Zayyad, mutumin da nake so ɗin, injiniya ne, ɗan Gwammaja. Karatu ya kawo shi, ya zauna. Idan wani Alhaji ya sayi injin niƙa ko na buga bulo a Foshan, shi ake turawa ya duba kafin a ɗaure. Yana jin yaren China kamar a nan aka yanke masa cibiya, amma a Hausa ma ba shi da yawan magana. Yakan zo gidanmu ranar Asabar bayan La'asar, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa. Anti Ramatou ta ajiye masa shayi, ta shige kicin, ta bar ƙofar a buɗe. Yana kira na Edita, ina kiran sa Injiniya.

Wata Alhamis da yamma Umma ta kira ni. Muna cikin gaisawa na ji wayar ta canja hannu.

"Saffana."

"Na'am, Baba. Ina kwana?" Can safiya ce.

"Lafiya lau. Yaron nan da Abdulƙadir ya ba ni labari, na sa an binciki gidansu. Mutanen kirki ne. Ki ce masa ya turo kafin azumi."

"To, Baba."

"In bai shirya ba, ba faɗa ba ne. Sai ki tattaro kayanki ki dawo. Ba zan ajiye 'ya a uwa duniya ana zancen da ba shi da rana ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Kun san tsarin. Namiji mai mutunci ba ya tura manyansa gidan mutane sai an ba shi izini, izinin kuma ta bakin yarinya yake isa gare shi. Na san wannan tun kafin in san me ake nufi da shi. Da na ajiye wayar na shiga sito na turo ƙofa, na zauna a kan kwalin fitilu ina murmushi ni kaɗai. Na yanke zan faɗa masa ranar Asabar, ido da ido. Har na fitar da kayan da zan sa na goge, atamfa ruwan ganye da mayafi baƙi mai ɗan dutse a baki.

Tsakanin Alhamis da Asabar akwai Juma'a.

Waɗanda suka daɗe da mu a shafin nan sun san inda nake zuwa ranar Juma'a. Yaya bai sani ba. Da rana yakan rufe ofis su tafi masallaci da sauran 'yan kasuwa, daga nan su tsaya cin tsire da gurasa a bakin titi, ba ya dawowa sai wajen La'asar. Ni kuma in ɗauki jaka in hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, in sauka wajen Liuhua. A saman wani shagon labule akwai ɗaki mai daɓen katako da madubi bango guda. Nan wata mata, Malama Lin, take koyar da tango, rawar mutanen Ajantina. Ajin Juma'a na mata ne zalla: matan gida, da waɗanda suka yi ritaya, da mu biyu baƙaƙe. Na san lokacin da na zaɓa, na san me za ku ce. Nakan yi Azahar a ɗakin canja kaya, a kan ɗankwali, kafin a kunna kiɗa, kuma ban taɓa cewa hakan ya wanke ni ba.

Samiratu ce ta kai ni. 'Yar Kumasi ce, tana fitar da takalma da jakunkuna. Ta girme ni, ta yi aure ta fito, ba ta tsoron kowa. Ta ce ciwon bayan da nake kuka da shi rabi na kujera ne, rabi na kaɗaici. Takalman rawar ma ita ta zaɓa min a Sanyuanli, masu ɗan tsini da igiya a idon sawu. A sito suke kwana cikin kwalinsu, na rubuta "samfur" a jiki.

Tango rawar mutum biyu ce, mai ja da mai bi. Tunda babu maza, mata ke yin duka biyun. Samiratu ke ja, ni ke bi. Ba a haddace komai. Ku tsaya ƙirji na fuskantar ƙirji, hannunta ɗaya a bayanki, ɗaya riƙe da naki. Mai ja ba ta turawa da hannu, ba ta magana. Nauyinta take matsarwa, ƙirjinta ya nuna hanya, ke kuma ki miƙa ƙafa baya ki tafi inda ba kya gani. Nauyinki kullum a kan ƙafa ɗaya yake, ɗayar a sake, tana jiran inda za a aike ta.

A ganina na iya. Ina da saurin ɗaukar abu, kuma matan ajin sukan tsaya su kalle ni.

Ran nan muna cikin yi Malama Lin ta kashe kiɗan. Gajeriya ce, ta haura hamsin, gashinta a ɗaure tamau. Ta yi shekaru a Buenos Aires. Turancinta guntu-guntu ne, amma ba ya kuskure inda ta nufa. Ta janye Samiratu, ta tsaya a gabana ta riƙe ni.

"Rufe ido."

Na rufe. Ta ja ni kaɗan, baya, gefe, baya. Sai na ji kamar lokacin harɗewa ya yi, wato inda mai bi take ɗora hagu a gaban dama. Na harɗe tsaf, yadda ake so.

"Wa ya aike ki?"

Na buɗe ido. Tana tsaye inda take.

"Na ɗauka nan za mu."

"Kin ɗauka. Ni ban ce komai ba. Sake."

Muka sake. Ta tsaya cik. Na ji shirun ya yi tsawo, ƙafata ta fita da kanta.

Ta juya ga sauran matan. "Wannan ba ta bi. Hasashen abin da ake so take yi, ta riga mutum zuwa, sannan ta jawo shi ya biyo ta. Daga nesa abin sha'awa. Wanda ke riƙe da ita kuwa bai taɓa yin rawarsa ba." Ta dawo da idonta kaina. "Ba za ki san me abokin rawarki yake nufi ba sai kin bar shi ya nufa. Wataƙila ma ba ya nufin komai. Tsaya ki gani."

Samiratu ta tuntsire da dariya. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta.

"Na faɗa maka, 'yar Kano. Wata nawa ina ɗauka ni ke tuƙi, ashe kai ne direba, ni yaron mota."

Ni ma na yi dariya. A cikin metro, a tsaye, dariyar ta ƙare.

Na buɗe hirarmu da Zayyad a WeChat, na koma can sama, na karanto ta yadda nake karanta rahoton wani: wa ya faɗa, yaushe, me ya biyo baya. Saƙon farko nawa ne, tambaya a kan wani janareta da ban damu da amsarta ba. Gaisuwar safe tawa ce ke riga. Zuwa gaishe da Yaya, ni na rubuta, "Ba ka ganin ya kamata ka zo gida?" Ya ce, "Haka ne." Asabar ni na zaɓe ta. Ranar da ya fara cewa yana so na, layin da ke sama da nasa nawa ne: "Injiniya, wai me muke yi ne?" Amsoshinsa duk masu kyau ne. "Yadda kika ce." "Duk wanda ya yi miki." "Allah ya kai mu." Na nemi wuri ɗaya da ya fara taku da kansa. Na samu ya taɓa turo min hoton wata kyanwa tana barci a kan injin markaɗe.

Kafin in sauka na yanke shawara. Ba zan ba shi saƙon Baba ba tukuna. Zan tsaya cik. In yana so zai tambaya: me Baba ya ce, yaushe za a ba ni izini. Tambaya ɗaya nake nema. Ranar da ya yi ta, a take zan ba shi.

Asabar ya zo da yadi ruwan toka, rigar sanyi a sama, da ledar lemon tanjarin. Ban sa atamfar ba. Baƙar abayar zuwa ofis na zura.

"Edita, yau babu labari?"

"Babu."

"Ai jarida ba ta fita babu rubutu."

"Yau kai ne da shafin farko."

Ya yi murmushi, ya gyara gilashi. Ya ba ni labarin wani lawban, wato mai masana'anta, da ya rantse injinsa sabo ne, alhali fentin da ya shafa wa tsatsa bai ma bushe ba. Ya kwaikwayi muryarsa: "Meyo matsala, meyo matsala," wai babu matsala. Na yi dariya daidai gwargwado. Sai shiru. A da ni ke cike irin wannan shirun. Na bar shi. Ina jin Anti Ramatou tana kankare tukunya a hankali don kada wata kalma ta wuce ta. Ya ɓare tanjarin ya ajiye min rabi a faranti. Ya dube ni, ya buɗe baki.

"Su Baba suna lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Ya ɗan jira. Ni ma na jira.

"Madalla," ya ce.

Daga ranar na daina riga shi gaisuwa. Da farko shiru. Daga baya ya rubuto, "Edita, lafiya?" Na ce lafiya. Ya ce Alhamdulillah. Masana'antu suka rufe don sabuwar shekararsu, gari ya yi fayau, jar takarda a kowace ƙofa, kantuna a garƙame. Ya samu lokaci fiye da kullum. Ya ci gaba da zuwa Asabar, ya ci gaba da kawo tanjarin, ya ci gaba da tambayar lafiyar su Baba, zaman kuma yana ƙara gajarcewa. Ni ina kallo ina cewa a raina, ga shi nan, an daina turi mota ta tsaya.

Wata safiya ina jera samfurin mayafai wayata ta yi ƙara.

"Edita, na yi wani laifi ne?"

"Babu."

Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"In akwai abin da ya kamata in sani, ki faɗa min."

Na daɗe da wayar a hannu. Wannan ya yi kusa. Amma na ce wa kaina, duba da kyau, har yanzu cewa yake ki faɗa, ki fara, ki nuna. Na rubuta, "Babu komai." Ya turo, "To."

Umma kuwa saƙon murya take ajiye min, in tashi in tarar. "Saffana, Babanki ya sake tambaya. Na ce masa suna shiri. Kar ki sa in zama maƙaryaciya da furfurata." Anti Ramatou ta tare ni a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, kukar da aka aiko mana daga gida tana tafasa a gefe.

"Bon," ta ce da Faransancinsu na Damagaram, "ni dai na ga yaron yana ramewa, ke ma kina ramewa. To wa ke cin abincin da nake dafawa?"

"Sanyi ne, Anti."

"Sanyi. Ni ma na yi irin wannan sanyin a Damagaram, a watan bazara." Ta nuna ni da muciya. "In faɗa ne ku shirya. In ba faɗa ba ne, ya fi faɗa muni."

Sai Yaya. Muna ofis, yana duba hotunan wasu tayil, bai ko ɗago ba.

"Auta, kin isar da saƙon Baba kuwa?"

Da na ce a'a, tambaya ta gaba ita ce me ya sa, amsar kuma tana sito a cikin kwali.

"Na faɗa masa."

"Tun yaushe?"

"Tun satin."

"Ya ce me?"

"Ya ce to."

Yaya ya ajiye biro. Bai ƙara komai ba. Wanda ya san Yaya ya san shirunsa ba na haƙuri ba ne, amma ni lokacin shirun wani nake saurare.

Juma'ar da ta wuce, an kusa fara duban wata, Malama Lin ta ce kowa ya canja matsayi. Ni zan ja, Samiratu ta bi. Kafin mu fara ta raɗa wa Samiratu wani abu a kunne.

Na riƙe ta. Na matsar da nauyina yadda aka nuna min, na nufi gaba da ƙirji. Babu kowa. Tana hannuna, ina ganin ta, ina jin ƙamshin turarenta, amma kamar na rungumi rigar da aka rataye. Ban san a kan wace ƙafa take ba. In na tafi zan iya take ta. Na sake gwadawa, ɗan ƙaramin motsi, irin na tambaya. Babu amsa. Na tsaya.

"Me ya hana ki tafiya?" in ji Malama Lin.

"Ban san inda take ba."

"Kin tambaye ta?"

"Na tambaya. Ba ta amsa ba."

"Sai kika yi me?"

"Na tsaya. Kar in taka ta."

"Haka mai ja na kirki yake yi. Mugun ne ke fizga." Ta taɓa kafaɗar Samiratu. "Yanzu dawo."

Samiratu ba ta motsa ƙafa ba. Nauyinta kawai ta ɗan ba ni, ƙirjinta ya tsaya a gaban nawa. A take na san tana kan dama. Na nufa, ta tafi, na bi bayan tafiyar tata. Mun kai bangon madubi ban san mun kai ba.

"Jira daban, ɓuya daban," Malama Lin ta ce da ajin. "Mai bi tana jira, amma tana nan. Jikinta yana cewa, ga ni, ga ƙafar da nake kai, hanya a buɗe take. In ta ɓoye wannan, rawa ta mutu. Mai ja ba boka ba ne." Ta dube ni. "Ke watan nan kin daina riga mutane, na gani. Amma kin tafi gaba ɗaya. Laifinki na da ya fi sauƙin gyara."

"Chale, abokina, kamar da fatalwa nake rawa," in ji Samiratu. "Ka dawo mana da direbanmu."

Ban jira an tashi ba. Na shiga ɗakin canja kaya na zauna a benci, takalman a ƙafata. Su Baba suna lafiya. Asabar nawa yana yi min wannan tambayar, ya ɗan jira? Wace irin tambaya nake so daga ɗan Gwammaja da aka yi wa tarbiyya, a falon yayana, ƙofar kicin a buɗe? Ko so nake ya ce min, ubanki ya ba ni ke? Ya tambaya iya inda kunya ta bar shi.

Na ciro waya. Na riga na tsara abin da zan rubuta, gajere: Baba ya ce ka turo. Sai na tarar da saƙonsa ya riga ni. Shi ne mafi tsawo da ya taɓa turo min.

"Saffana. Yau bayan an idar da sallah Yaya Abdulƙadir ya tare ni a ƙofar masallaci, a gaban Alhaji Sumani da nake duba wa injina, da mutanen Kwari. Ya ce tun watan jiya Baba ya ce in turo, na yi biris da 'yar mutane. Na ce masa haka ne, kin faɗa min, ni ne ban shirya ba. Na ba shi haƙuri. Kada ki gyara maganar, ki bar ta a haka, ya fi miki sauƙi a gida. Mace ba ta riƙe irin wannan saƙo sai da dalili, kuma ba sai kin faɗa min ba. Da na gane da wuri da ban yi ta zuwa ina takura miki ba. Baffana tun kafin sabuwar shekara yake jiran in ce masa su tafi, zan san abin da zan gaya masa. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Bai ce Edita ba.

Na karanta don in fahimta, na sake karantawa don in nemi ƙofa. Babu. Na kira, ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na rubuta, "Ba haka ba ne." Na tsaya a nan, domin layi na biyu shi ne: wata 'yar China da ke koya min rawa lokacin da kake masallaci ta ce ina riga mutane taku, shi ya sa na gwada ka. Na goge. Na sake kira. A kashe.

Samiratu ta shigo tana fifita da hannu. Ta ga fuskata, ta karɓi wayar ta karanta.

"Me ka yi?"

Na faɗa mata, daga kiran Baba har zuwa ƙaryar da na yi wa Yaya. Ta miƙo min wayata.

"Ni don bayanka ya daina ciwo na kawo ka nan. Ban ce ka kwashi darasin Lin ka kai wa ɗan mutane ba. Rawa ce, Saffana. In kiɗa ya ƙare kowa ya sa takalminsa ya tafi gida." Ta durƙusa ta kwance min igiyar takalmin. "Tashi ka je wurin yayanka kafin ya kira Kano."

Tasi na hau. Ana yayyafi, titin Huanshi a cushe. Na zura hijabi a kan rigar da ta jiƙe da gumi, na yi ta kiran lambar da na san a kashe take.

Na tarar da ofis a buɗe. Yaya ya riga ni, yana zaune da farar shaddarsa ta Juma'a, hularsa a kan tebur. Bai tambayi daga ina nake ba. Ya ga idona, ya ɗauka ya san dalili.

"Ya rubuto miki ko? Zauna, Auta." Muryarsa a tausashe, abin da ban saba ji ba. "Kar ki zubar da hawaye a kan wannan. Da bakinsa ya amsa, a gaban mutane, ko kunya. Na ce masa kada ya sake tako min gida. Aikin Foshan ma na karɓe, Alhaji Sumani ya ce shi ma zai nemi wani. Ke ba ki da laifi. Kin yi abin da aka sa ki."

Ya zuba min ruwa a kofi da hannunsa. Jakata tana kan cinyata, tsinin takalmin yana tokare ni ta cikinta.

"Na gaya wa Baba. Zan nema miki jirgin Laraba. Ki yi azumi a gida kusa da Umma, ya fi."

In na yi shiru komai zai tafi daidai. In koma Kano a matsayin wadda aka yaudara, a tausaya min, a tsine masa. Shi da kansa ya share min wannan hanyar, kuma ita kaɗai ce ya taɓa nuna min ba tare da na riga shi ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Ban faɗa masa ba."

Ya dube ni kamar da yaren China na yi magana.

"Saƙon Baba. Ban taɓa faɗa masa ba. Yau ya fara ji, a bakinka."

Ya daɗe yana kallo na. Ya kalli hularsa. Na ga lokacin da ya koma ƙofar masallaci a zuciyarsa, ya sake jin abin da ya faɗa da ƙarfi, da abin da aka amsa masa a hankali.

"Ya rufa miki asiri," ya ce. "Na wanke shi tas a gaban jama'a, yana tsaye yana ba ni haƙuri, ashe asirinki yake rufawa."

Na ajiye kofin ruwan a kan tebur.

"Ba kya son sa ne?"

"Ina so."

"To me ya sa?"

Na riƙe jakar da hannu biyu. Ya jira. Da ya ga ba zan yi magana ba, ya ɗauki wayarsa ya danna, ya sa ta a sifika, ya ajiye a tsakaninmu.

"Ni na riga na gaya wa Baba ɗan mutane mayaudari ne. Sauran ke za ki gaya masa da bakinki. Har da dalilin."

Wayar ba ta daɗe tana ƙara ba.

"Abdulƙadir," in ji Baba. Muryarsa ta yi laushi irin na ranar da aka yi mana rasuwa. "Ta dawo? Ba ni ita in ba ta haƙuri."